Sabon Fenti a Kan Injinan Baba

Ranar da za a zo duba masana'antarmu, ƙarfe bakwai na safe ta yi mini a bakin ƙofa, kuma warin fenti ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Kwana huɗu ke nan muna barin tagogi a buɗe, fanka biyu suna ta juyi, amma warin ya ce yana nan daram. Injinan nan uku suna tsaye a jere, shuɗaye shar, har wani ƙyalli suke yi. Ni da na tashi na gan su baƙi ƙirin da giris, sai na ji kunyar kallonsu.

Ƙusa muke yi. Waya ce ke shiga inji ta gefe guda, ta fito ta ɗaya gefen da kai da tsini, ta zuba a bokiti. Babanmu ne ya kafa wurin shekara talatin da ɗaya da suka wuce, shi da wani abokin aikinsa da kowa ke kira Kurma, don ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya da rabi. Shekara biyu baya hawan jini ya kayar da Baba. Da ya tashi, ƙafar hagu ta ƙi tashi tare da shi, sai ya kira lauya ya rubuta mini takardar wakilci, ya ce ni ce babba, in riƙa sa hannu a madadinsa. Kamfanin dai nasa ne, ni alƙalami kawai aka ba ni aro.

To ana cikin haka gwamnati ta fito da sabon tsari don jawo masu zuba jari daga ƙasashen waje. Duk kamfanin da baƙo ke da fiye da rabinsa, ya kuma shigo da sababbin injina, an ɗauke masa haraji na shekara biyar, kuma wayar da zai yi aiki da ita za ta shigo ba kuɗin fito. A rediyo abin ya yi daɗin ji. Ban san da ni ake ba sai da wani katafaren kamfani ya buɗe a tsallaken titinmu, da injina arba'in da masu gadi cikin kaki. Cikin wata shida suna sayar da kwalin ƙusa ƙasa da abin da nake sayen wayar da zan yi shi. 'Yan kasuwar da suka yi shekara ashirin suna kiran Baba maigida suka koma gaishe ni daga nesa. Ma'aikata goma sha huɗu muke da su, suka koma shida.

Autanmu ne ya kawo dabarar. Shi Auta tun yana ƙarami bakinsa ya fi hannunsa aiki, idan ya fara bayani sai ka rantse shi ya rubuta dokar. Ya ce tunda gwamnati baƙi take so, mu ma mu nemo namu baƙon. Ya san wani ɗan kasuwa daga waje da ke zaune a otal ɗin bakin kasuwa, mutum mai fara'a, wanda ba a taɓa ganinsa ba jaka a hannu ba, har ma'aikatanmu suka sa masa Mai Jaka. Zai ara mana sunansa. A takarda za a ba shi kashi hamsin da ɗaya cikin ɗari, mu ba shi ɗan ihisani duk shekara. A wata takarda ta biyu kuma, wadda ni kaɗai zan ajiye, zai rubuta cewa bayan shekara biyar zai mayar mana da kason. Takardun sayen sababbin injina kuwa, Auta ya ce ya san mai yin su. Abin da ya rage kawai injinan su yi kama da takardun.

Ba zan ɗora wa Auta laifin duka ba. Na yi mako biyu ina cewa a'a, sannan na tafi ofishin lauya da ƙafata na sa hannu da takardar wakilcin Baba. Baba bai sani ba. Mun gaya masa ana feshin maganin ɓera ne, warin ba zai yi wa ƙirjinsa daɗi ba, ya huta a gida mako guda. Gidan kuwa yana bayan masana'antar ne, katanga ɗaya ce tsakani.

Mun yi shiri, wannan kam ba a magana. Mun cire faranta na ƙarfe masu ɗauke da shekarar ƙira muka manna sababbi. Mun sauya bel ɗin da ke juya injinan. Mun kankare bangon da Kurma ke zana layi da alli duk ranar da ya zuba mai. Katakon da ya yi shekaru a ƙarƙashin bokitin inji na uku, shi ma mun jefar. Babbar fargabarmu ita ce inji na biyu. Shi wannan ba ya tashi sai an danna maɓalli an kuma buga masa tafin hannu a gefen murfi, kuma hannun Kurma ya saba, ba ya shawara da shi. Kwana uku Auta yana yi masa ihu a kunne cewa sabon inji ba a dukansa. Kurma ya ce ya ji. Da safen nan ma na same shi ya cusa hannu biyu a aljihu, yana zagaya injin yana hararar fentin.

Ƙarfe goma saura motar gwamnati ta tsaya. Na zaci tawaga za ta fito, sai ga mace ɗaya, dattijuwa, da tabarau da fayil a hammata, takalminta shafaffe irin na mai yawan tafiya. Direban ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Na tare ta da ranki ya daɗe, ta amsa a taƙaice, ta ƙi ruwa, ta ƙi kujera. Ta tambayi ina mai zuba jarin. Auta ya ce wani taro ya riƙe shi, amma ya bar gaisuwa mai yawa. Ta rubuta wani abu a fayil.

Ta fara da takardu, tana karanta lamba a takarda tana duba farantin da ke jikin inji. Auta na biye da ita yana zuba, yana gaya mata jirgin ruwan da ya kawo su da wahalar da aka sha a tashar. Ban san lokacin da ya ƙirƙiro guguwa a teku ba. Na yi ta yi masa ido ya rage, bai ko kalle ni ba. Lambobin dai suka yi daidai, duka ukun.

"A tayar da su," in ji ta.

Kurma ya danna na ɗaya, ya tashi. Ya wuce na uku, ya tashi. Ya dawo gaban na biyu ya tsaya. Na ga kafaɗarsa ta dama tana motsi, hannun na son fitowa daga aljihu. Ya danna da hagu. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Can sai bel ya kama, ƙusoshi suka fara zuba a bokiti, tas tas tas. Shekara goma sha biyar ban ga injin nan ya tashi babu duka ba, sai ranar. Auta ya juyo ya yi mini murmushi har kunne.

Jami'ar ta matsa kusa don ta ga yadda wayar ke shiga. Tana taka gaban injin sai ta ɗan yi tangaɗi, ta dafa ƙarfen kariya. Ta kalli ƙasa.

A gaban kowane inji akwai kwarmi a siminti, wuri biyu, daidai faɗin ƙafar mutum, inda mai aiki ke tsayawa ya kama hannun inji. Ba mai zurfi ba ne, bai fi kaurin yatsa biyu ba, amma ya yi sumul har yana sheƙi. Ƙafafun Baba da na Kurma ne suka ci simintin a hankali. Mu da muka tashi a wurin ba ma ganinsa. Ƙafarmu ta san shi, tana sauka ciki da kanta. Mun share daɓen nan, mun wanke shi da omo sau biyu, ni da kaina na bi da tsumma ta cikin kwarmin, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa shaida ba ne.

Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta sa ta biyun. Ta miƙa hannu, sai ga hannun injin ya faɗo daidai tafinta. Ta je gaban na ɗaya ta yi haka, ta je gaban na uku ta yi haka. Injinan na ta ruri.

Auta ya yi ta maza. Ya ɗaga murya ya ce ai tsofaffin injina ne a wurin da, irin waɗannan sak, aka cire aka dasa sababbi a gurbinsu. Na yarda, ƙaryar ta yi kyau. Jami'ar ta gyaɗa kai, ta tambayi wa ya sayi tsofaffin. Ya ce 'yan gwangwan. Ta ce wane daga ciki, tana son lambarsa. Kafin ya gama lalubo amsa ta tsuguna, ta ciro makullin ofis daga jakarta, ta kankare fentin da ke kan notin da ya ɗaure ƙafar inji da ƙasa. Shuɗin ya ɓare. A ƙarƙashi tsatsa ce da tsohon giris, sun haɗe da noti da siminti sun zama abu ɗaya. Ko yaro ya gani ya san sifana ba ta taɓa wurin ba tun kafin a haifi Auta.

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce mu je ofis.

Ofishin namu ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya, kujera uku, taga mai kallon injina. Wannan karon ta zauna. Ta cire tabarau ta murza idonta. Auta ya fara zura hannu a aljihun gaba, inda na san ya ajiye wata ambulan, na take masa ƙafa da dukkan ƙarfina. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta yi magana a hankali, ba faɗa. Ta ce mu ne na huɗu a wannan watan. Wasu fenti suke yi, wasu aron inji suke yi na yini guda. Ta ce ta san abin da ke tsallaken titi, da idonta ta gani, amma ba ita ta rubuta tsarin ba, aikinta ta rubuta abin da ta tarar. Idan ta rubuta, gobe za a garƙame wurin nan, sannan duk wanda ya sa hannu a takardun injinan zai tsaya gaban alƙali. Ta buɗe fayil ta juyo mini shi. Sa hannuna ne a shafi uku.

'Ya'yana biyu suka faɗo mini a rai, da Baba, da wanda zai riƙa kai shi asibiti duk ƙarshen wata. Na tsorata, tsoro irin wanda ban taɓa yi ba.

Sai ta ce akwai hanya ɗaya. Rahotonta ba ya shiga sai ƙarfe huɗu. Buƙatar da aka janye kafin lokacin, doka ba ta ce a rubuta mata rahoto ba, fayil ɗin rufewa ake yi. Layi biyu sun isa, a ce kamfani ya janye neman rangwamen.

Ban jira ta ƙarasa ba. Na jawo takarda mai tambarin kamfani na rubuta, na ɗauki biro zan sa hannu. Ta ɗora yatsa a kan takardar.

"Ba ke ba," ta ce. "Mai kaso mafi girma ne ke janyewa."

Na ce ni ce wakiliyar mai kamfanin, ga takardar wakilci a durowa. Ta sake buɗe fayil ɗin, ta nuna mini shafin da aka rubuta kashi hamsin da ɗaya, da sunan da ke gabansa.

"A nan wurin, 'yar'uwa, wannan shi ne mai kamfani. Ke kika kawo mana takardar."

Auta ya kira Mai Jaka. Jami'ar ta ce za ta ɗan sha iska a waje, ta fita ta ja ƙofa, na gane ba ta son jin abin da zai tilasta mata rubutu. Auta ya buɗe muryar wayar don mu ji duka, ya ajiye ta a tebur. Mutumin ya ɗauka da fara'arsa ta kullum, ya tambayi lafiyar tsoho. Auta ya zayyana masa komai cikin in-ina, shi da bai taɓa rasa magana ba.

Mai Jaka ya yi jimami sosai. Ya ce shi bai taɓa ganin injinan da idonsa ba, takardu aka nuna masa ya yarda, kuma ba hannunsa a kansu. Ya ce duk da haka ba zai so a kai mace kotu ba, zai sa hannu yanzun nan, yana ɗakinsa a otal. Abu ɗaya kawai yake roƙo. Idan Auta zai taho, ya taho masa da takardar nan ta biyu, don ajiye irinta hatsari ne gare mu duka.

Na karɓe zancen. Na ce takardar nan ita kaɗai ce ke nuna kason na Baba ne. Ya ce ya sani. Na ce idan na ƙi fa? Ya ce to sai in kai ta kotu in nuna wa alƙali, shi ma zai so ya ji yadda zan bayyana dalilin rubuta ta. Daga nan ya ƙara da cewa kada mu damu da makomar wurin, maƙwabtanmu na tsallaken titi sun daɗe suna neman inda za su yi sito, ya riga ya yi magana da su, kuma kasonmu na arba'in da tara ba zai yi ciwon kai ba. Ya yi mana fatan alheri ya kashe.

Ashe tun ranar da ya fara shigowa yana yaba tsayin rufinmu da faɗin ƙofa, ba ƙusa yake kallo ba. Auta ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Na so in zage shi, na buɗe baki, sai na tuna hannun wa ke kan takardar lauya. Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata.

A lokacin ne na ji ƙarar sanda a kan siminti. Na leƙa ta taga. Baba ne, da hularsa a karkace, yana jan ƙafar hagu. Kwana huɗu yana jin shiru ta bayan katanga, yau kuma ya ji injina uku sun tashi lokaci guda, abin da rabonsa da ji tun bara. Ya zaci babbar oda muka samu, ya taho ya taya mu murna. Ya tsaya yana kallon shuɗin fentin, ya kalli Kurma, Kurma ya sunkuyar da kai.

Jami'ar ta gaishe shi da ladabi har da ɗan rusunawa. Sannan ta leƙo ofis ta ce mini za ta wuce, tana ofishinta har ƙarfe huɗu, a kawo takardar da sa hannun mai kamfani. Ta tafi.

Baba ya shigo ya zauna a kujerarsa, ya jingine sandar. Bai tambayi fentin ba tukuna. Shi mutum ne da ba ya son a bar ma'aikacin gwamnati yana jira. Ya ciro alƙalaminsa daga aljihun gaba, tsohon nan mai murfin ƙarfe da ya sa hannu da shi a takardar filin nan, ya jawo takardar gabansa.

"Ina ne wurin?" ya ce.

Na dafa hannunsa. Yatsun duk tabon waya ne.

"Baba, ba kai za ka sa ba."

"To sa mana, uwata. Ai na ba ki wakilci."

"Ni ma ba ni ba ce."

Ya ɗago ya dube ni. Na gaya masa komai a tsaye, ban rage ba, ban kuma ce Auta ne ba. Na gaya masa kashi hamsin da ɗaya, da otal, da takarda ta biyu, da kotu, da sito. Bai katse ni ba. Da na gama, tas tas ɗin ƙusa a bokiti nake ji ta cikin bango. Na fi son ya yi faɗa, wallahi na fi son ya ɗaga sandar nan.

Tambaya ɗaya ya yi, wai idan ba a kai takardar ba, ni za a kama? Na ce e. Ya ce in buɗe durowa in ɗauko ta biyun. Na ɗauko. Ya haɗa su biyu ya ninke, ya mayar wa alƙalamin murfinsa, ya ɗora a kai, ya miƙa wa Auta.

"Tashi ka kai masa. Ka ba shi wannan ya sa hannun da shi, ba ya yankewa."

Auta ya karɓa da hannu biyu ya fita yana share fuska. Baba ya ɗauki sandarsa ya bi bayansa a hankali, amma bai nufi ƙofa ba. Ya je gaban inji na biyu. Ƙafar dama ta sauka a kwarminta da kanta, ta hagun kuwa sai da ya sa hannu ya jawo ta. Ya tsaya yana kallon ƙusoshi na zuba. Kurma ya matso ya yi masa ihu a kunne, ko a kashe ne?

Baba ya ce a bari wayar da ke kai ta ƙare.